Kurakuran Masu Sake Karanta Labaran Allo na Japan Cikin Japananci, da Yadda Ake Gyara Su

A Japan akwai wani nau'in adabi da ake karantawa a kwamfuta, inda rubutu ke fitowa layi bayan layi a ƙasan allo, hoton mai magana yana tsaye a sama, kiɗa yana tashi a hankali, wani lokaci kuma har da muryar ɗan wasa. Japanawa suna kiransa bijuaru noberu ko noberu gemu, mu kuwa a nan za mu kira shi labarin allo. Sunan ya samu gindin zama ne bayan kamfanin Leaf ya fitar da Shizuku da Kizuato a shekarar 1996. Da yawa daga cikin fitattun ayyukan wannan fanni an fara sayar da su ne da tambarin manya, wato ba a yarda wanda bai kai shekara 18 ya saya ba, saboda akwai wuraren saduwa ko zubar da jini a cikinsu, amma abin da ya sa ake tunawa da su shekaru bayan fitowarsu shi ne rubutun kansa, wanda sau da yawa ya fi littafi mai kauri tsawo. Akwai masu karatu da suka fara sanin waɗannan labarai ta hanyar fassarar Turanci, daga baya suka koyi Japananci, sai sha'awa ta ja su su koma su ga yadda marubucin ya tsara maganarsa. A wannan komawar ne ake yawan tuntuɓe.

Kuskure mafi girma, wanda kuma ya fi wuyar ganewa, shi ne mutum ya riƙa karanta abin da yake tunawa a maimakon abin da ke gabansa. Wanda ya taɓa gama labari ya san wa zai mutu, wa ke ɓoye sirri, da abin da za a faɗa a bakin kogi da daddare, saboda haka idan ya ga kalmomi uku da ya sani a cikin jimla, ƙwaƙwalwarsa sai ta cike sauran da tsohuwar fassara, ya danna ya wuce yana ganin ya fahimta. Zai iya shafe wata guda a haka, ya kai ƙarshen labari, alhali Japanancinsa bai ƙaru da komai ba, kuma bai ga ko ɗaya daga cikin abubuwan da fassarar ta zubar ba. Gyaran yana buƙatar horon kai. Kafin a wuce kowace jimla mai tsawo, a tambayi kai wane ne ya yi aikin, wa aka yi wa, kuma da wace alama ta nahawu aka gane hakan. Idan amsar ita ce "ai na san labarin", to ba a karanta jimlar ba tukuna. Yana da kyau kuma a fara da reshen labarin da ba a taɓa bi ba, domin yawancin waɗannan ayyuka suna rabuwa zuwa rassa gwargwadon zaɓin mai karatu, kuma a reshen da ba a sani ba ne mutum zai ga ainihin ƙarfinsa ba tare da tunani ya rufa masa asiri ba. A ra'ayina, ajiye fassarar a buɗe a gefe ɗaya na allo shi ne hanya mafi sauri ta lalata wannan aiki gaba ɗaya. A bar ta sai an gama babi, sannan a duba wurare biyu ko uku da suka gagara.

Daga nan sai batun bugu. Mutane suna ɗauka cewa suna ɗaya labari ɗaya ne, alhali aiki guda yakan fito sau uku ko huɗu da rubutu daban. Fate/stay night na kamfanin Type-Moon ya fito a kwamfuta a 2004 a matsayin na manya kuma babu muryoyi, sannan a 2007 aka fitar da shi a PlayStation 2 da sunan Réalta Nua, aka sa muryoyi, aka cire wuraren saduwa, aka sake rubuta wasu sassa domin labarin ya haɗu. Kanon na kamfanin Key ma ya fara ne a 1999 da tambarin manya kafin a yi masa bugun kowa da kowa. Dalilin wannan rabuwa shi ne hukumomin tantancewa daban ne: wasannin kwamfuta suna bi ta hannun ƙungiyar EOCS da aka kafa a 1992, na'urorin wasa na gida kuma suna bi ta hannun CERO tun 2002, wadda ba ta barin irin waɗancan hotuna. Wanda ya karanta fassarar wani bugu ya koma Japanancin wani, zai ga jimloli ba sa haɗuwa, ya zargi kansa ko ya zargi mai fassara, alhali babu mai laifi. A duba shafin intanet na VNDB, wanda ke tattara bayanan labaran allo, kafin a saya, domin yana jera kowane bugu da shekararsa, da ƙayyadadden shekarun mai saye, da ko akwai murya. Wanda ba ya son ganin wuraren batsa, kuma masu karatu da yawa ba sa so, bugun kowa da kowa ya wadatar da shi, sau da yawa ma ya fi amfani ga mai koyo saboda muryoyin.

Ƙaunar labari ba ita ce ma'aunin sauƙinsa ba. Akwai wanda ke cin jarrabawar ƙwarewa a Japananci ta JLPT mataki na N2, wanda daga shi sai mafi girma, washegari ya buɗe Sōkō Akki Muramasa na Nitroplus, wanda ya fito a 2009 kuma ya yi suna wajen tsohon salon magana da dogon bayani kan dabarun takobi, ya kwana uku a shafukan farko, ya yanke ƙauna. Jerin kanji, wato haruffan da Japananci ya aro daga Sinanci, na amfanin yau da kullum da gwamnatin Japan ta sabunta a 2010 yana da haruffa 2,136, amma an tsara shi ne domin jaridu da takardun hukuma, marubutan labaran allo kuwa ba su ɗaure kansu da shi ba, wasunsu ma da gangan suke zaɓar harafin da ba a saba gani ba domin ya ba da wani ɗanɗano. Abin da ya fi dacewa shi ne a fara da labarin da ke gudana a gida, kanti da wurin aiki, mai gajerun jimloli da murya a kusan kowane layi, a ajiye wanda aka fi ƙauna sai an gama biyu ko uku.

Matsalar na'ura ba ta buƙatar dogon bayani. Tsofaffin wasanni an rubuta su da tsarin haruffa na Shift-JIS, idan kuma aka buɗe su a Windows da ba a saita wa yankin Japan ba, sai rubutun ya fito a hargitse, abin da Japanawa ke kira mojibake, ko wasan ya ƙi tashi sam. A sauya yankin tsarin zuwa Japan, ko a yi amfani da manhajar Locale Emulator, a kuma guji sauya sunayen fayiloli.

Inda kayan aiki ke yin ɓarna ta gaske shi ne wajen manhajojin ciro rubutu. Textractor yana ɗauko layin da ke kan allo, ƙamus irin su Yomitan kuma yana nuna ma'anar kalma da zarar an ɗora mata linzami, kuma babu laifi a cikin wannan. Laifin yana farawa ne idan aka haɗa layin da injin fassara, domin a lokacin mutum ya koma karanta fassara, kuma wadda ta fi ta farko muni, tunda injin ba ya sanin wanda ke magana ko abin da ya gabata. Akwai kuma abin da manhajar kan zubar ba tare da an lura ba, wato furigana, ƙananan haruffan da ake ɗorawa a kan kanji. A littafin yara aikinsu nuna lafazi ne kawai, amma marubutan wannan fanni suna amfani da su domin faɗin abu biyu a lokaci guda: a Fate/stay night an rubuta sunan wani takobi da kanji masu ma'anar takobin nasarar da aka yi alkawari, amma ƙananan haruffan da ke sama suna cewa a karanta shi Ekusukariba. Haka nan mai magana zai iya furta "wancan mutumin" alhali rubutun da ke ƙasa yana cewa "maƙiyi". Wanda idonsa ke kan tagar ƙamus ba kan allon wasan ba, rabin saƙon ya wuce shi. A fara karanta layin a inda marubuci ya ajiye shi, a saurari murya, sannan a nemi ƙamus idan an maƙale.

Abin da ya fi cancantar a daɗe a kansa shi ne yadda mutane ke kiran kansu da junansu, domin nan ne fassarar Turanci ta fi yin asara, kuma nan ne mai komawa ke samun ladar wahalarsa idan ya lura. Turanci yana da kalma ɗaya ta "ni", Japananci kuwa yana da watashi na ladabi, boku na namiji mai sanyin hali, ore na namiji mai ji da kansa, atashi na budurwa, washi na tsoho, watakushi na tsananin girmamawa, har da sessha da ake sa wa a bakin samurai. Masanin harshe Satoshi Kinsui, wanda ya koyar a Jami'ar Osaka, ya kira wannan salo yakuwarigo, wato harshen matsayi, inda ake gane irin mutum daga yadda yake magana ko da ba a ga fuskarsa ba. Kuskuren shi ne a fassara dukkansu a zuci da "ni" a wuce. Idan jarumin da ya saba cewa boku ya koma ore a tsakiyar rikici, marubucin ya gaya maka wani abu ya karye ko ya farka a cikinsa, ba tare da ya ƙara jimla ko ɗaya ba. Haka abin yake ga ƙarin da ake yi wa suna, irin su -san, -kun, -chan da -sama, da kuma yobisute, wato kiran mutum da sunansa tsirara. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi a nan, tunda ya taso a inda mace kan sakaya sunan mijinta, uwa kan yi kara ga sunan ɗanta na fari, kuma ya san nauyin da ke tattare da ranar da aka kira wani da sunan yanka a gaban mutane. Da wannan kunnen ya kamata a saurari lokacin da wata ta daina kiran wani da sunan gidansu ta koma sunansa na kansa. Dabara mai sauƙi ita ce a ware takarda, a rubuta wa kowane ɗan wasa kalmar da yake kiran kansa da ita da yadda yake kiran sauran, a kuma sa alama duk inda abin ya sauya.

Kusa da wannan akwai batun ɓoye mai aiki. Hausa ba ta barin jimla ta wuce ba tare da ta nuna ya ne ko ta ce ba, Japananci kuwa yakan yi layi goma bai ambaci kowa ba, kuma bai nuna jinsi ba. Mai karatu da ya saba da Hausa ko Turanci yakan yi gaggawar sa wa jimlar mai aiki daga kansa, sau da yawa kuma ya sa wanda ba shi ba. Alamun suna nan, sai dai a wani wuri suke: aikatau kureru yana nuna an yi wa mai magana abu, ageru yana nuna abin ya fita daga wajensa, morau kuma shi ya karɓa, sannan matakin ladabin aikatau yana nuna wanda ake magana a kansa. Wasu marubuta da gangan suke barin wannan duhu domin su yaudari mai karatu game da wanda ke ba da labari, abin da mai fassara dole ya warware tun da wuri ko ya yi masa dabara. A kuma tuna cewa korewa tana zuwa a ƙarshen jimla, don haka wanda ya danna kafin ya ga wutsiyar aikatau zai iya ɗaukar ƙi a matsayin amincewa. Masu magana da karin harshen yankin Kansai, inda Osaka take, suna ƙara rikita wannan, domin suna korewa da hen a inda mutumin Tokyo zai ce nai.

Ta fuskar sauti Bahaushe yana da riba, idan bai yi sakaci da ita ba. Kamar yadda jan wasali ke raba garin da ake zama da garin da ake tuwo, haka yake raba obasan, gwaggo ko inna, da obaasan, kaka, kuma ninka baƙi yana raba kite, zo, da kitte, kan sarki na wasiƙa. Kalmomin amsa-kama ma, waɗanda masu koyo da yawa ke tsallakewa suna ganin ado ne, suna ɗauke da ma'ana kamar namu: shiin na Japananci shi ne tsit ɗinmu, kuma wanda ya san bambancin fari da fari fat ya san dalilin da ya sa bai kamata a tsallake su ba. Maɓallin maimaita murya da ke cikin tarihin layuka an yi shi ne domin irin wannan.

Masu amfani da Anki, manhajar katunan haddar kalmomi, kan faɗa wani rami, su mayar da kowace sabuwar kalma kati, har bita ta cinye lokacin karatu. Kalmar da ta fito sau uku a babi ɗaya ta cancanci kati, wadda marubuci ya ƙirƙira domin duniyar labarinsa kuwa wasan da kansa zai maimaita ta har ta zauna. Sunayen mutane ma kada a amince da ƙamus a kansu, domin kanjin suna yakan ɗauki lafazin da ba a samu a kalmomin yau da kullum; a rubuta shi yadda aka furta ranar da mai sunan ya fara gabatar da kansa.

Akwai kuma waɗanda, bayan wata shida suna cikin waɗannan labarai, sukan ɗauki maganar 'yan wasa su kai wa Japanawa na gaske. Yakuwarigo harshen almara ne, kuma da wuya ka ji tsoho a titin Tokyo yana magana kamar tsohon da ke cikin wasa. A cikin kalmomin "kai", omae yana iya wucewa tsakanin abokai maza na kusa, amma ga baƙo raini ne, temee da kisama kuwa neman faɗa ne ƙarara. Wanda zai rubuta wa malami ko abokin aiki saƙo, ya tsaya a kan watashi, ya ƙare jimlolinsa da kalmomin ladabi "desu" da "masu", ya kuma kira mutumin da sunan gidansu haɗe da san.