Tanzanait ba safaya ba ne: kurakuran da masu saye suka fi yi

Sau da yawa asarar da ake tafkawa a kan tanzanait, wani dutsen ado mai daraja, daga wuri ɗaya take farawa: an ga shuɗi, an ɗauka safaya ce. Wanda ya saba da safayar Mambila ma ya fi saurin ruɗuwa. Ita safaya ƙarfe da titaniyam ne ke ba ta launi, taurinta 9 a ma'aunin Mohs, wato ma'aunin taurin duwatsu da ke tashi daga 1 zuwa 10. Tanzanait kuwa dangin wani ma'adini ne da ake kira zoisait, ɗan banadiyam da ya shiga jikinsa shi ya rina shi, taurinsa tsakanin 6 da 7 kawai.

Kafin ka taya, ɗauki dutsen ka riƙa juya shi a hasken rana. Ta wani gefen za ka ga shuɗi, ta wani shunayya, in ɗanye ne har da ja mai duhu ko ruwan ƙasa. Gilashin da aka rina, ko ta ina ka juya shi, launinsa ɗaya. Wannan gwajin ido ne kawai. In kuɗin da yawa, nemi takardar ɗakin gwaji.

Wasu kuma da zarar sun ji an gasa dutsen sai su ja da baya, wai jabu ne. A'a. Kusan duk tanzanait ɗin da ke kasuwa ya sha wuta, zafin kusan digiri 600 a ma'aunin Selsiyos, don ruwan ƙasar ya gushe shuɗin ya fito, kuma ba ya komawa. Wanda za ka yi hattara da shi shi ne dillalin da ke rantse-rantse cewa nasa bai taɓa ganin wuta ba, yana ninka farashi, babu takarda a hannu.

Asalinsa ma ana yaudara da shi. Tun gano shi a 1967, a tsaunukan Merelani kusa da Arusha a Tanzaniya kaɗai ake haƙo shi, kamfanin kayan ado na Amurka, Tiffany, ya raɗa masa suna. Duk wanda ya ce nasa daga wata ƙasa aka tono, bar masa kayansa.

Sai riƙo. Dutsen yana da layin da yake tsagewa, bugu ɗaya a bakin ƙofa ya isa. Ya fi dacewa da ɗan kunne ko sarƙa fiye da zoben kullum. A wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, ban da injin wanke kayan ado mai girgiza da tururi. In za a gyara zoben, sa maƙeri ya cire dutsen kafin ya kusanto da wuta.