Kurakuran da ke kashe waƙar taro idan babu kiɗa

Duk shekara da watan Rabi'ul Awwal ya kama, makarantun Islamiyya da zawiyoyi sai su tara yara da samari a shiga bitar ƙasidun Maulidi, kuma duk shekara kurakuran nan dai su ne. Bakina ya gaji da maimaita su.

Babbansu shi ne ɗaukar murya a sama tun daga baitin farko. Mai waƙa da mandiri ko kalangu yana da abin jingina. Mu kuwa ba mu da komai sai kunne, inda jagora ya ajiye muryarsa nan kowa zai bi. To yaro ya ga taro, ya ga lasifika, sai ya ɗauko ta can ƙololuwa don a ce yana da zaƙin murya. Bai san waƙar taro da kanta take hawa ba, kowane amshi sai ya ɗan ɗara na baya. Ku duba Ishiriniya ta Alfazazi, ƙasidar yabon Annabi da aka tsara bisa haruffan Larabci: harafi 29 ce, kowane harafi baiti 20, kuma da tahamisinta ake rerawa, wato kowane baiti ɗango 5. Harafi guda kaɗai ɗango 100 ke nan. Wanda ya fara a sama, ina zai sa kansa kafin baiti na 10?

Wannan ya taɓa ja mana asara. An gayyace mu walimar sauka a wata makaranta, mun sha bita har mun haddace. Yaron da ke ja mana baki ya hango mahaifinsa cikin manyan baƙi, sai ya ɗaga fiye da yadda muka saba. Ba a yi nisa ba masu kaurin murya suka yi tsit, ƙananan suna ta ƙoƙari jijiyar wuya a waje, shi kansa muryarsa ta tsage a tsakiyar ɗango. Mai gabatarwa ya taso ya karɓe makirfo, ya ce Allah ya saka da alheri. Makarantar ba ta ƙara nemanmu ba.

Tun daga nan na kafa doka. Kafin a fara, jagora ya raɗa ɗangon da ya fi kowanne hawa a kunnen wanda ya fi kowa kaurin murya. In wannan ya iya kaiwa bai yamutsa fuska ba, bismilla. In ya girgiza kai, a sauko. Wasu malaman sun ce ɓata lokaci ne. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Na biyu gudu. 'Yan amshi su faɗo kafin jagora ya rufe ɗangon ƙarshe, shi kuma ya yanke numfashi ya bi su, a haka a haka har madda ta ɓace, dogon wasali ya koma gajere, kari ya karye. Haba samari, wa ya biyo ku? Abincin walimar ba zai ƙare ba. Ni dai ba na jera mutane a miƙe, rabin da'ira nake sa su yi, kowa yana ganin bakin jagora. Mutum ɗaya nake ba riƙon kari, yana ɗan kaɗa yatsa a cinya ba tare da sauti ba. Amshi kuma ba ya shigowa sai amsa-amon ƙarshen ɗangon jagora ya faɗi ya zauna.

Sauran kurakuran ƙanana ne. In ba ka jin muryar na kusa da kai, ihu kake yi, sassauta. Kada kowa ya ja numfashi a wuri ɗaya, rami yake bari a tsakiyar baiti, a raba wasu su shaƙa gaba wasu baya. Takarda a bar ta a gida, mai kallon takarda ba ya kallon jagora. Makirfo ɗaya kada a manna shi a bakin mutum guda cikin 'yan amshi, a ja shi baya ya ɗauki kowa. A tambayi malami ma'anar baiti, don kada a tsaya a tsakiyar jumla.

Ruwan sanyi da gyaɗa da ƙuli-ƙuli kuwa, ranar taro na hana. Ruwan ɗumi da citta da ɗan zuma nake dafa musu, musamman in Maulidi ya faɗo cikin hunturu.