Kafin Ka Ɗauki Kod Daga GitHub (Shafin Ajiye Kod ɗin Manhaja), Duba Lasisinsa

Fara da buɗe fayil ɗin LICENSE, inda ake rubuta sharuɗɗan amfani da kod ɗin. In babu shi, README, fayil ɗin bayanin aikin, ma bai ce komai ba, to ba ka da izinin sa kod ɗin a aikinka. Ganinsa a fili ba izini ba ne, haƙƙin mallaka na nan a hannun wanda ya rubuta. Ka roƙe shi ya sa lasisi, ko ka nemi wani kod ɗin.

Lasisin MIT da na BSD ba su da rigima. Ka gyara, ka sayar, abin da ake nema shi ne ka bar sunan mai haƙƙin da rubutun lasisin cikin abin da ka raba. Apache 2.0, wanda ya fito a 2004, ya ƙara da cewa ka tafi da fayil ɗin NOTICE in akwai, ka kuma nuna fayilolin da ka taɓa.

Lasisin GPL ne ke ɗaure wa mutane kai. Ana iya sayar da manhajarsa? Ƙwarai kuwa. Sharaɗin yana hawa kanka ne ranar da ka miƙa wa wani manhajar da ka haɗa da kod na GPL: dole ka ba shi kod ɗinta gaba ɗaya, a ƙarƙashin GPL. In amfanin cikin gida ne, ba mai bin ka bashin komai. Haka nan in tana gudana a sabarka, jama'a na shiga ta intanet. Wannan kafar ce lasisin AGPL na 2007 ya toshe: muddin ka gyara kod ɗin, masu shiga ta intanet na da haƙƙin karɓarsa.

A kula da lambar siga. Kod mai alamar GPL-2.0-only, irin na ƙwayar Linux (kernel, ginshiƙin tsarin Linux), ba ya haɗuwa da Apache 2.0, amma GPL siga ta 3 tana karɓar kod na Apache 2.0. Bambancin "only" (wannan sigar kaɗai) da "or-later" (ita ko wadda ta biyo bayanta) ba ado ba ne.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne laburaren (kod ɗin wasu da manhaja ke dogara da shi) da wani laburare ya jawo ba ka sani ba. Kafin kowace fitarwa, gudanar da license-checker a aikin npm (mai girka laburaren JavaScript), ko pip-licenses a Python, ka karanta jerin lasisin da suka fitar da idonka.

Sauya lasisin aikinka kuwa, in wasu sun ba da gudunmawar kod a ciki, sai da yardarsu, sai fa in tun farko sun miƙa maka wannan ikon a rubuce. Sigar da ta riga ta fita tana nan kan tsohon lasisinta.