Kurakuran da matafiyanmu ke yi wa ma'aikatan gidan abinci

Shekara 19 ke nan ina fita saro kaya. Da Dubai na fara, daga baya kasuwa ta kai ni Guangzhou da Istanbul, jinyar mahaifiyata ta kai ni Alkahira, Allah kuma ya nufa na yi Umra ba sau ɗaya ba. Kusan duk tafiya sai wani abokin kasuwa a Kwari ya haɗa ni da ɗansa ko ƙaninsa, ya ce Alhaji ga amana nan, a nuna masa hanya. Wajen canjin kuɗi da duba yadi da magana da 'yan kago ba sa ba ni wahala, nan da nan suke ɗauka. Inda raina ke ɓaci shi ne in mun zauna cin abinci. Kuskure iri ɗaya, yaro bayan yaro, har na gaji da maimaita magana.

Na farko shi ne yadda ake kiran mai kawo abinci. Mun saba a gida mutum ya yi "sss", ko ya ƙyasta yatsu, ko ya buga mukullin mota a kan tebur, ko ya ɗaga murya ya ce "kai!" Ko a gidan ma ba tarbiyya ba ce, haƙuri kawai ake yi da mu. Wannan halin ya taɓa ja mini asarar da har yau nake tunawa.

A tafiyata ta uku Dubai, akwai wani dattijo ɗan Indiya mai babban shagon yadi a Deira da muka yi magana zai ba ni kaya, in biya rabi, sauran in na sayar. Ga ɗan kasuwa mai tasowa wannan babbar ƙofa ce. Ya gayyace ni cin abincin rana a wani ƙaramin wuri kusa da Naif. Mai kawo mana abinci mutum ne mai furfura a gemu, ya kusa haihuwata. Na yi masa "sss" sau biyu, da ya juyo na yafito shi da yatsa ɗaya. Da ya kawo shinkafa da kaza maimakon naman rago da na ce, na ture farantin, na yi tsaki, na yi masa faɗa da ƙarfi har na kusa da mu suka waiwayo. Dattijon bai ce mini komai ba. Ya dai kira mutumin, ya yi masa magana a hankali da yarensu, ya dafa hannunsa. Washegari na je shago ya ce, "Alhaji, kayan suna nan, amma sai kuɗi hannu." Kuɗina ba su kai ba. Rabin kayan na ɗauko, kakar Sallah ta wuce ni ina kallo. Sai daga baya akawunsa ya faɗa mini cewa maigidan nasa da wanke faranti ya fara a garin nan, kuma ya ce wanda ya yi wa na ƙasa da shi haka, ranar da ya yi ƙarfi haka zai yi wa mai binsa bashi. Sai da na shekara 4 ina saye a wurinsa kafin ya sake yarda da ni.

Abin da nake yi tun daga ranar ba shi da wuya. In na shiga, ni nake fara gaisuwa. In ina son wani abu, in jira mu haɗa ido, in ɗaga hannu kaɗan. A ƙasashen Larabawa in ce "law samaht", wato don Allah. In ɗan Indiya ne ko Pakistan ko Bangladesh, kuma su ne mafi yawa a wannan aikin a Dubai da Saudiyya, in ce masa "bhai", ɗan uwa. A Istanbul, wajajen Laleli da Aksaray, "bakar misiniz" ake cewa, in ka ga mutum yana fama da aiki kuma ka ce masa "kolay gelsin", daidai da sannu da aiki a wurinmu. Sai ka ga fuskarsa ta sake. A Faransa, 'yan uwanmu na Nijar sun fi mu sani, in ba ka fara da "bonjour" ba ka riga ka ɓata, kuma kada ka kira babban mutum "garçon", wato yaro. A Guangzhou kam ɗaga murya a ce "fuwuyuan", wato mai hidima, ba laifi ba ne, haka masu gari ke yi. In an zuba maka shayi, ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan a al'adarsu. Akwai ɗabi'ar da ake yi a Saudiyya ta kiran kowane ma'aikaci "ya Muhammad". Mutane da yawa ba su ɗauke ta komai ba, ni dai ba na yi. In da suna a ƙirjinsa in karanta, in babu in tambaya.

Kuskure na biyu ya fi na farko ci mini rai, don wancan kuɗi na rasa, wannan kuwa haƙƙin mutum na ɗauka. Lokacin da mahaifiyata ke kwance a asibiti a Alkahira, na shiga wani gidan abinci da dare, ga gajiya, ga kuɗi sun fara ƙarewa. Aka kawo takardar kuɗi na ga ta haura abin da na lissafa da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Ban tambaya ba, ban duba ba. Na miƙe tsaye na nuna saurayin da ya kawo mini abinci na ce masa "harami", ɓarawo, a gaban jama'a. Manaja ya fito, kafin ya ji ba'asi ya rufe yaron da faɗa. Da ya karɓi takardar ya duba, sai ya ɗauko jerin abincin ya nuna mini rubutun da ke can ƙasa: ana ƙara kashi 12 na hidima, sannan harajin gwamnati kashi 14 a kan duka. Abincin fam 100 ya koma kusan 128 ke nan. Ko sisi yaron bai ƙara ba. Yana tsaye riƙe da tire, idonsa ya yi ja, bai ce uffan ba. Girman kai ya hana ni ba shi haƙuri a lokacin, na biya na fita. Sau uku ina komawa nemansa ana cewa bai zo ba, har aka sallami Hajiya muka dawo gida. Har yanzu ina sa shi a addu'a, don ba ni da wata hanyar biyansa.

Ku ji ni da kyau, ku samarin da ke jin kowa a ƙasar waje jira yake ya cuce ku: mai kawo abinci ba shi ya yanka farashi ba, ba shi ya sa haraji ba, ba shi ya dafa ba. Kafin ka ce a kawo komai, karanta ƙasan takardar. A Saudiyya harajin kaya kashi 15 ne tun 2020. A Dubai kashi 5 ne, amma gidajen abinci na otal-otal suna da nasu ƙarin, kuɗin hidima da na hukumar birni. In lissafi bai yi maka ba, kira shi gefe, fito da waya ku buga tare, muryarka a ƙasa. In kuskure ne za a gyara. Kalmar sata kuwa kada ta fito bakinka sai ka tabbata, don kai gobe jirgi za ka hau, shi kuma aikin da yake ciyar da iyayensa da shi ne ka taɓa.

Maganar tukuici ma a nan take. Wasu cewa suke ai na biya kuɗin abinci, me kuma? A Amurka dokar tarayya ta yarda a biya mai karɓar tukuici dala 2.13 a awa, adadin bai motsa ba tun 1991, ko da yake jihohi da dama sun ɗaga nasu. Shi ya sa ake barin kashi 15 zuwa 20, kuma wanda ya tashi bai bari ba ya ci guminsa ne. A Masar bakshish ruwan dare ne, kuma kuɗin hidimar da ke kan takarda ba lallai ya shiga aljihun wanda ya yi maka hidimar ba. A Sin ba a saba ba, a Japan ma za su iya biyo ka da kuɗinka a zaton mantawa ka yi. Ni inda ake bayarwa, tsaba nake naɗewa in sa masa a hannu da hannun dama, ba na jefawa a tebur, ba na kuma ɗagawa sama don a gani.

Sai abin da ke ba ni kunya a otal-otal na Makka da Madina, wurin abincin ɗebi-da-kanka. Haba jama'a! Mutum ya fito daga ɗawafi, carbi a hannu, ya zo yana ture na gabansa a layi, ya tula abincin mutum uku a faranti ɗaya, ya ci kwata ya bar saura, wani ma ya buɗe leda yana juyewa. In ma'aikaci ya yi magana a hau shi da faɗa, wai ai kuɗinmu ne. A watan azumi abin ya fi muni. Wanda ke zuba maka miya shi ma da azumi a bakinsa, kuma sai ya sallami ɗaruruwan mutane kafin ya zauna ya ci nasa. Anas bn Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10, Annabi bai taɓa ce masa tir ba, kuma bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. A garinsa kake, kana yatsina fuska kana cewa wannan wane irin abinci ne. Ɗebi kaɗan, in bai ishe ka ba ka koma, ba wanda zai hana ka. A Sin ma tun 2021 akwai dokar hana almubazzaranci da abinci, har ta ba gidan abinci damar cajin wanda ya bar saura mai yawa.

Sauran ƙananan ba sa buƙatar dogon bayani. Tambayar halal kafin a dafa ake yin ta, ba bayan an ajiye maka faranti ba. A Guangzhou ka nemi shagunan taliyar Lanzhou na Musulmin Hui, ko wuraren cin abinci na unguwar Xiaobei, ka huta da gardama. In bai gane maganarka ba, ƙara murya ba zai sa ya gane ba, nuna hoton abincin ko lambarsa. Kada ka ɗauki ma'aikaci bidiyo ba da izininsa ba, a Daular Larabawa wannan laifi ne da kan kai mutum gaban hukuma. Mace mai kawo abinci aiki ta zo yi, ba a tambayar lambarta, ba a yi mata wasan banza. In za ka fito da yajinka ko kilishi ka nemi izini, yawanci ba sa hanawa. Ƙashi a gefen faranti ake tarawa. In ka yi alwala a bayinsu kada ka bar wurin jage-jage, wani ne zai duƙa ya goge. In ku goma ne kuma kowa nasa zai biya, ku faɗa tun farko. Saura minti 10 a rufe ba lokacin shiga a ce a gasa kifi ba ne.

Yanzu duk yaron da aka haɗa ni da shi, daren farko shi nake bari ya yi odar abincinmu, ni ina gefe ina kallo. A tafiyar da ta wuce ɗan wani aminina ya yi wa wani ɗan Bangladesh "sss" tun kafin mu gama zama. Na ce, "Tashi ka je ka ba shi haƙuri." Ya ce, "Baba, ai bai ma ji ba." Na ce ni na ji. Ya tashi ya je, ya gaishe shi, ya tambayi sunansa. Kwana 6 muka yi a garin, kullum a wurin muke cin abincin dare, kuma da sunan nan ya riƙa kiransa har muka taho.