Sabuwar laftof da lasisin Windows: kurakuran da na gaji da gani

Da zarar ɗalibai sun dawo daga hutu a Yelwa da Gubi da Gwallameji a nan Bauchi, tambaya ɗaya ce ke yawan shigowa shagona: "Malam, na sayi sabuwar laftof, ina zan kai a yi mata aktibeshan?" Aktibeshan dai shi ne kunna lasisin Windows. Idan daga kamfani ta fito da Windows a cikinta, babu inda za ka kai ta. Ka kunna ta, ka haɗa ta da intanet ko da na wayarka ne, ka ba ta 'yan mintoci. Ita da kanta za ta gama komai.

Tun daga Windows 8, wato 2012, kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo suka daina manna takardar nan mai haruffa da lambobi 25 a ƙarƙashin na'ura. Yanzu tun a masana'anta ake rubuta lambar lasisin a cikin BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke zaune a madabod (babban allon cikin na'ura). Windows za ta karanta ta a can, ta aika wa Microsoft, a tabbatar, shi ke nan. Saboda haka wanda ya kifa laftof yana neman sitika irin ta zamanin Windows 7, bai gani ba ya fara cewa an cuce shi, ya kwantar da hankalinsa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne na gaba. Sabuwar na'ura, ko ledar allonta ba a ɓare ba, a ɗauke ta a kai wa mai gyara "ya sa mata manhajoji", shi kuma kafin komai ya soka filashinsa ya yi mata fomatin, wato ya goge Windows ɗin da ta zo da ita ya girka wata. In ka tambayi dalili ya ce ai Windows Home ce a kai, ya sa maka Windows Pro don ta fi ƙarfi. Ƙarfin me? Pro ba ta ƙara wa na'ura sauri ko kaɗan. Abin da ta fi Home da shi kayan ma'aikatu ne: shiga tsarin kwamfutocin ofis, sarrafa na'ura daga nesa, da makamantansu. Word da CorelDRAW da AutoCAD duk suna tafiya a kan Home ba tare da wata matsala ba. Lambar da ke cikin madabod ɗinka kuwa ta Home ce, sau da yawa ma Home Single Language, kuma ba za ta taɓa buɗe Pro ba. To da me ya kunna maka Pro ɗin? Da kirak, wato manhajar da ke ƙirƙirar lasisin bogi. Kamar wanda ya sayi mota da takardunta na asali ne, aka ajiye su gefe aka buga masa na jabu, har yana godiya.

An taɓa yi mini wannan aika-aikar, shi ya sa nake zafi a kai. Na sayi laftof biyu sababbi don aikin shago, na ba yarona ya kai a sa musu CorelDRAW da direban firinta. Da yamma ya dawo yana fara'a: "Oga, har Pro ya sa mana, bai karɓi ko sisi a kai ba." Bayan wasu watanni, ana tsakiyar lokacin furojet, sai saƙo ya fara faɗowa a allo cewa lasisin Windows ya kusa ƙarewa. Wannan ma mai sauƙi ne. Ashe don kirak ɗin ya zauna sai da aka kashe Windows Defender, mai tsare na'ura daga bairos, kuma ba a sake kunna shi ba. Bairos ya shiga, duk filashin da aka soka a na'urorin nan sai fayilolinsa su koma shotkot, a daina ganin na ainihi. Har yau ina ganin fuskar wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe da ta tsaya a gaban teburina, filashi a hannu, idanu sun ciko: "Malam, jibi fa zan kai wa sufabaiza, babi uku ne a ciki." Mun ceto wani ɓangare, sauran muka sake buga mata daga rubutun hannunta kyauta. Na dakatar da aiki har na wanke na'urorin, kwastomomi kuma suka koma maƙwabta, wasu ba su sake dawowa ba.

Saƙon ƙarewar lasisin yana da asali. Akwai wani tsari da Microsoft ta yi wa manyan ma'aikatu, ana ce masa KMS, inda kwamfutocin ofis ke karɓar lasisi na kwana 180 daga sabar ma'aikatar, suna sabuntawa lokaci zuwa lokaci. Yawancin kirak ɗin da ke yawo a filashin masu gyara kwaikwayon wannan sabar suke yi. Ranar da sabuntawar ta tsaya, sai ƙidaya ta fara, wani lokaci ka ga lambar kuskure 0xC004F074. Wato an ɗauke ka daga lasisin da ba ya ƙarewa an ɗora ka a kan na wata shida.

Abin farin ciki, fomatin ba ya goge lambar da ke cikin madabod. Tana nan. Ga yadda ni nake yi: in kwashe fayilolin mutum, in sauke Windows daga shafin Microsoft kai tsaye da manhajarsu ta Media Creation Tool, in sa a filashi mai gigabayit 8, in girka sabuwa. Na'urar za ta gano lambarta ta zaɓi Home da kanta, da ta ga intanet kuma ta kunna lasisin. Saukewar na cin data, ya wuce gigabayit huɗu, don haka ka yi da dare ko inda kake da wayfai. Wasu abokan sana'a sukan canza lambar kawai ba tare da girka sabuwa ba. Ni ba na yarda da na'urar da kirak ya taɓa kwana a cikinta, sai an wanke ta tas.

Kuskure na biyu mai tsada shi ne cinikin biri a sama: a ƙirga kuɗi don kawai an ga Windows ta buɗe a shago. Jama'a, ba kowace sabuwar laftof ce ke zuwa da lasisi ba. Akwai waɗanda kamfani ke fitarwa da FreeDOS, wata ƙaramar manhajar kyauta a madadin Windows, an rubuta a jikin kwalin, sun fi araha saboda babu kuɗin Windows a cikin farashinsu. Mai shago ya ɗora musu Windows mai kirak, ya sayar maka a farashin mai lasisi, kai kuma ko kwalin ba ka karanta ba. Wannan ba ta da wata lamba a madabod da za a koma mata, sai dai ka sayi lasisi da kuɗinka.

Ni ba na fito da kuɗi sai na duba abu uku a gaban mai kayan. A Windows 11 in shiga Settings, System, Activation; a Windows 10 yana ƙarƙashin Update & Security. Idan na ga "digital license", da kyau. Idan na ga maganar "organization's activation service", sai in tambayi mai shago wace ma'aikata ce, tunda daga kwali ya ce ya ciro ta. Sannan in danna maɓallin Windows tare da R, in rubuta slmgr /xpr. Ƙaramin akwati zai fito: ko ya ce "permanently activated", ko ya nuna ranar ƙarewa. Ganin ranar ƙarewa ya ishe ni in miƙe. Na ukun shi ne mafi muhimmanci, domin akwai kirak ɗin da ke tsallake biyun farko. A PowerShell, tagar rubuta umarni da ke cikin Windows, nake rubuta (Get-CimInstance SoftwareLicensingService).OA3xOriginalProductKey. Idan lamba ta fito, kamfani ya sa lasisi a madabod. Idan ba komai, a kan na'urar da aka ce sabuwa ce mai Windows, to a sake lissafin farashi. Duk wannan bai kai minti biyar ba, kuma mai gaskiya ba ya jin haushi.

Laftof ɗin hannu da ake kawowa daga Turai da Amurka ma ku riƙa yi musu wannan gwajin. Irin su Latitude da EliteBook da ThinkPad na ofisoshi ne, da yawansu suna da lambar Pro ta gaskiya a ciki, amma sabo ya sa ana ɗora musu kirak ba tare da an duba ba. Ku kuma tambayi zubin furosesar: Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 (wani sashen tsaro na na'ura) da furosesar Intel zubi na takwas zuwa sama.

Microsoft Office (su Word) daban, Windows daban. Idan Word ya fara neman kuɗi bayan wata guda, na gwaji ne aka sa maka, lasisin Windows ɗinka lafiya lau yake. Idan kwanan wata da agogon na'ura ba daidai suke ba, lasisi kan ƙi kunnuwa, ka gyara su tukuna. Lambobin da ake tallatawa a intanet kan kuɗin katin waya, araha ba ta ado, ana toshe su. Rubutun "Activate Windows" a kusurwar allo ba ya kashe na'ura kuma ba ya goge fayil, hoton bango da launuka kawai yake hana ka canzawa, don haka kada tsoro ya kai ka hannun mai kirak. Lasisin da ya zo da laftof kuwa nata ne ita kaɗai, ba a cire shi a kai wata. Mac da Ubuntu ba sa neman lambar lasisi, sai dai mai sayen Mac ta hannu ya tabbatar tsohon mai ita ya cire asusunsa na iCloud.

Kada kuma ka bari yaron shago ya buɗe maka na'ura da nasa imel ko wanda ya ƙirƙira ya manta kalmar sirrinsa. Sababbin laftof da yawa suna kulle faifansu da kansu da BitLocker, makullin fayiloli na Windows, mabuɗin ceto mai lambobi 48 kuma a asusun Microsoft da aka fara shiga da shi yake ajiyuwa. Ranar da aka taɓa madabod ko BIOS na'urar ta nemi mabuɗin nan, in asusun ba naka ba ne, ni kaina ba ni da yadda zan ciro maka fayilolinka. Ka zauna a gabanta a kunnawar farko, ka sa imel ɗinka da hannunka, ka rubuta kalmar sirrin a inda za ka same ta.