Babi na Bakwai: Mai Gyaran Kwamfutar da Ba Kai Ka Kira Shi Ba

Darasi na ɗaya: Yadda kiran yake zuwa

Wanda yake da kwamfuta a gida, ko da ta yaransa ce ta makaranta, wannan babi nasa ne. Wanda ba shi da komai sai jawwal, wato wayar hannu, shi ma kada ya tsallake, domin wayar nan da kake WhatsApp da ita, a cikinta Absher ɗinka yake, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya, kuma a cikinta saƙon banki yake shigowa.

Kana zaune bayan la'asar sai waya ta yi ƙara. Lamba ce da ba ka sani ba. Wani lokaci ta fara da 05 kamar ta kowa a nan Saudiyya, wani lokaci doguwa ce ta ƙasar waje. Ka ɗauka. Mutum ya yi sallama cikin ladabi, da Larabci ko da Turanci, yana ce maka "ya Hajj", ke kuma yana ce miki "ya ummi". Ya ce daga kamfanin Microsoft yake, ko daga sashen da'amul fanni, wato masu gyara, na kamfanin layinka. Wai sun gano cuta ta shiga kwamfutarka, ɓarayi suna kwashe hotunan iyalinka, in ba a gyara yanzu-yanzu ba za a rufe maka komai. Sannan ya sassauta murya ya ce kada ka damu, shi zai taimake ka.

Ƙarya yake yi. Kamfanin Microsoft da kansa ya sha sanarwa cewa ba ya kiran mutane haka kawai don ya gyara musu kwamfuta. Babu wani ma'aikaci da yake zaune a Amurka yana kallon kwamfutar ɗanka a Shara Mansur ta Makka. In firjinka ya daina sanyi, kai ne kake fita ka nemo mai gyara. Ka taɓa ganin mai gyaran firji ya ƙwanƙwasa maka ƙofa ya ce daga shagonsa ya ji firjinka ba lafiya?

Zai iya kiran sunanka daidai, har da na mahaifinka. Wannan ba hujja ba ce. Sunanka da lambarka ka rubuta su a wurare da yawa, a shago, a asibiti, wajen masu kawo kaya gida, kuma irin waɗannan bayanai suna yawo hannu zuwa hannu. Ko sunan kamfani ne ya fito a allon wayarka, shi ma ana iya ƙirƙirarsa.

Darasi na biyu: Katse kiran

Wannan shi ne darasin da ya fi kowanne, kuma a nan ne aka fi tuntuɓe. Mu bi shi a hankali.

Da ya ce "kwamfutarka tana da matsala", ko "wayarka tana da matsala", sai ka cire wayar daga kunnenka. Ka riƙe ta a gaban fuskarka. Allon da ya yi duhu lokacin da take kunne zai kawo haske da kansa. In bai kawo ba, ka taɓa shi sau ɗaya. A ƙasa, wajen tsakiya, akwai da'ira ja mai hoton kan tarho a ciki. Ka ɗora yatsa a kanta, ka danna sau ɗaya, ka ɗauke. Shi ke nan, ka katse kiran.

Yaya za ka san ya katse? Lokacin da ake magana akwai lambobi a saman allo suna ƙirga daƙiƙa, 00:14, 00:15, suna tafiya. In har suna tafiya, mutumin yana jin ka. In sun ɓace, an dawo kan hoton da ka saba gani a fuskar wayarka, to ya tafi.

Ga kuskuren da nake gani a aji kullum. Wasu suna danna maɓallin gefen waya, allo ya yi baƙi, su jefa ta a aljihun jallabiya. A wayoyi da yawa wannan maɓallin allo kawai yake kashewa, kiran yana nan. Kana gaya wa maiɗakinka "wani ne wai daga kamfani", shi yana sauraro. Wasu kuma suna kifa wayar a kan tabarma. Kifa waya ba katse kira ba ne. Ja ɗin nan, shi za ka danna.

Mu sake. Cire daga kunne. Duba ƙasa. Danna ja. Duba sama, ka ga ƙirgen ya tsaya.

Na san yatsa ba shi ne babbar matsalar ba. Kunya ce. Mu an rene mu a kan cewa ba a katse wa mutum magana, balle wanda ya yi maka sallama. Hajiya, na san abin da yake ranki: bawan Allah ya gaishe ki, ya ce miki "ummi", yaya za ki kashe masa waya a kunne? Ki amsa sallamarsa, wannan haƙƙi ne, kin sauke. Abin da ya biyo baya ba haƙƙinsa ba ne. Shi ma ya san muna da wannan kunyar, da ita yake cin abinci. Duk minti ɗaya da kika ƙara kina sauraronsa, tsoro yake ƙara zuba miki, kuma mai tsoro ba ya lissafi.

Ba sai kin ce "sai an jima" ba. Ba sai kin ce "bari ɗana ya dawo" ba, domin zai tambaye ki ƙarfe nawa zai dawo, ya sake kira. Ba sai kin ce ba ki da kwamfuta ba, zai ce ai wayar yake nufi. Ko wace amsa kika ba shi yana da tata a rubuce a gabansa. Ja ɗin ne kaɗai ba shi da amsarsa.

Alhazai kuma taku matsalar daban ce. Kuna so ku yi masa tambayoyi, ku kama shi da ƙarya, ku yi masa wa'azi. Alhaji, wannan mutumin tun safe yake kiran mutane, sana'arsa ke nan. Ba za ka fi shi baki ba. Cire daga kunne, danna ja.

Zai sake kira, wataƙila nan take, wataƙila da wata lambar. Kada ka ɗauka. In ka ɗauka bisa kuskure ka ji shi ne, ka san abin yi. Kada kuma kai ka kira lambar don ka ji "ko da gaske ne". In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka je ofishin kamfanin layinka da ƙafarka, ko STC ne, ko Mobily, ko Zain, ka tambaya a can.

Aikin yi: ka sami na kusa da kai ya kira ka. Ya fara magana, kai kuma ka katse tun bai kai ƙarshen zancensa ba. Ku yi sau biyar, sannan ku juya. Da farko za ka ji nauyi, har ka yi dariya ka ba shi haƙuri. Ba komai. Kowa haka ya fara, kuma hannu yana sabawa. Wanda ya yi daidai sau ɗaya yau, madalla, gobe zai fi.

Darasi na uku: Abubuwan da zai roƙe ka in ka tsaya

Da an bi darasi na biyu, da ba a buƙatar wannan. Amma na san wasu za su tsaya.

Da farko zai nuna maka "shaida". Zai sa ka danna wasu maɓallai a kwamfuta, wani shafi ya buɗe cike da layuka, wasu da alamar ja, wasu da rawaya. Zai ce ka gani, duk cututtuka ne. Wannan shafin sunansa Event Viewer, yana cikin kowace kwamfuta mai Windows, kuma ko lafiyarta ƙalau za ka ga ja da rawaya a ciki. Kwamfuta ce take rubuta ƙananan abubuwan da suka faru da ita.

Daga nan zai ce ka sauke wata manhaja, yawanci AnyDesk ko TeamViewer. Manhajojin nan ba na ɓarayi ba ne, masu gyara na gaskiya suna aiki da su. Aikinsu shi ne su bar wani ya sarrafa na'urarka daga nesa. Da ka sauke, wata doguwar lamba za ta fito, zai ce ka karanto masa, sannan ka danna amincewa. Kana yin haka za ka ga kibiyar nan ta allo tana yawo ita kaɗai, hannunka yana kan cinyarka. Shi ne yake motsa ta. Abin da kake gani yana gani. In ka buɗe banki, yana kallon abin da kake rubutawa. A waya ma akwai irin wannan manhajar.

Sai kuma lambar sirri. Saƙo zai shigo maka da lamba huɗu ko shida, wadda ake kira ramzut tahaƙƙuƙ. Zai ce ta gyara ce, ka karanto. Ba ta gyara ba ce, shi ne yake ƙoƙarin shiga asusunka ko ya cire kuɗi da katinka, banki kuma yana tambayar ka ko kai ne. In ba ka iya karanta Larabcin saƙon ba, wannan ma dalili ne na ka da ka faɗi lambar. Haka Nafath, manhajar gwamnati da ake tabbatar da cewa kai ne da ita. In ya ce "buɗe Nafath ka zaɓi 47", to wani wuri yake shiga da sunanka. Da wannan dannawar ana iya ƙulla abu da sunanka, ba ka sani ba sai ranar da aka zo nemanka. Ba ka nemi komai ba, buƙata ta fito a Nafath? Ka ƙi amincewa.

A ƙarshe kuɗin gyara. Ko ya ce ka karanto lambobin katin bankinka na mada, gaba da baya, ko ya aike ka baƙala, wato shagon unguwa, ka sayo katin iTunes ko na Google Play, ka kankare ka karanto masa. Wane kamfani ne ake biyansa da katin kankarewa?

Wallahi abin yana ba ni takaici. Mutum ya yi wata guda yana aiki a rana, ko ki yi wata kina wanke-wanke a gidan mutane, riyal ɗin da za a aika Kano ko Damagaram a miƙa wa wanda ko fuskarsa ba a gani ba, don kawai ana jin nauyin danna maɓalli ɗaya. An faɗa, an maimaita, an rubuta a allo, amma sai a dawo ana cewa "Malam, ai muryarsa ta mutanen kirki ce". To da wace murya kuke so ɓarawo ya zo? Ko a tsakiyar wannan duka kake, ko ka riga ka buɗe shafin ja da rawaya, ba ka makara ba. Cire daga kunne. Danna ja. Duba ƙirgen ya tsaya.

Darasi na huɗu: Idan allo ne ya yi ihu

Wani lokaci ba kira ba ne. Yaro yana kallo a intanet sai allo ya cika da rubutu, ga ƙara kamar jiniya, ga lambar waya a tsakiya wai a kira da gaggawa. Saƙon gargaɗi na gaskiya daga Microsoft ba ya zuwa da lambar waya. Kada ka kira.

Shafin intanet ne kawai ya cika allon. Ka danna maɓallin Esc, yana can sama a kusurwar hagu, ka riƙe shi kaɗan. Ko ka danna Alt da F4 tare. In ya ƙi, ka danne maɓallin kunna kwamfutar har ta mutu, sannan ka sake kunnawa. In ta tambaye ka ko a dawo da shafukan ɗazu, ka ce a'a. Kada a daki yaron, ba laifinsa ba ne.

Darasi na biyar: Idan an riga an yi

Kada ka ɓoye don kunya. Katse kiran tukuna. Kashe intanet ɗin gidan, ko ka zare igiyar na'urar intanet ɗin daga bango. Juya katin bankinka, akwai lamba a bayansa, ita za ka kira ka ce a tsayar da katin, yanzu, ko da tsakar dare ne. Ka canja kalmar sirrin Absher da ta banki da wata wayar daban. Kwamfutar kuma a kai ta wurin mai gyaran da ka sani a cire manhajar.

Ana kai ƙara ta manhajar Kulluna Amn ko a ofishin 'yan sanda. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗauri har shekara 3 da tara har riyal miliyan 2 ga irin wannan damfara. In saƙon tes ne na damfara ya shigo, ana tura shi zuwa 330330, kyauta ne.

Bayan kwana biyu wani zai iya kira ya ce zai dawo maka da kuɗinka. Su ne dai. Ja.

Darasi na shida: Toshe lamba

Shiga jerin kiran da aka yi maka, danna lambar ka riƙe, zaɓi toshewa. Wayoyi sun bambanta, jikanka zai nuna maka. Kiran WhatsApp da na Imo duk hukuncinsu ɗaya, su ma jan yana ƙasa.

A gaya wa mutanen gida. Wanda bai yi aikin darasi na biyu ba ya yi shi kafin mu shiga babi na takwas, karanta takardar kuɗin lantarki.