Yadda za ka sha magani ya ratsa hanji ya shiga jini

Jama'a, haɗiye ƙwaya daban, shigarta jini daban. Yawancin magani ba a tumbi jiki ke ɗaukarsa ba, sai ya gangara ƙaramin hanji, can ne bangon ke da 'yan tsiraye kamar gashin tawul masu tsotsewa, kuma sai ƙwayar ta narke tukuna za ta ratsa. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga mutum ya jefa ƙwaya baki ya kora da miyau. Dan Allah cika kofi da ruwa, ka sha a zaune ko a tsaye, in doxycycline ne, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, kar ka kwanta sai bayan minti 30.

Inda aka fi tafka asara shi ne abin da ake korawa da shi. Ka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta irin ciprofloxacin (cipro) ko tetracycline da madara, kalsiyam ɗin ciki zai cafke maganin su dunƙule su zama abin da hanji ba ya iya tsotsa, sai ya fice ta bayan gida, kai kuma kana cewa maganin jabu ne alhali bai ma kai jini ba. Maganin olsa na ruwa da maganin ƙarin jini ma haka suke masa, don haka sha cipro awa 2 kafinsu ko awa 6 bayansu. Shi maganin ƙarin jinin shayi ne abokin gabarsa, ruwan lemo ya fi masa saboda bitamin C.

Wasu kuma maiƙo suke so. Maganin maleriya artemether-lumefantrine in ka sha ciki wayam kaɗan ne ke shiga, ci abu mai mai ko ka bi da madara. Levothyroxine na maƙoƙo akasin haka ne, da safe da ruwa zalla, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo.

Kar ka daka ƙwaya mai rufi ko ka tauna 'ya'yan cikin kafso irin omeprazole na olsa, rufin ne ke tsare shi daga asid ɗin tumbi har ya isa hanji.

Sannan yawan shiga ma haɗari ne fa. Lemon nan grapefruit yana toshe wani sinadari a bangon hanji mai rage ƙarfin magani, sai simvastatin, maganin rage kitse a jini, ya yi yawa a jini ya taɓa tsoka. In kana amai ko gudawa gaya wa likita ko mai famasi kafin ka maimaita sha.